DVD mai cin kowane faifai ko na'urar kiɗa zalla: wace ce ta fi daɗin sauti?

Kaka ta yi, kuɗin wake da gero sun fara shiga hannun jama'a, bukukuwa kuma sun kunno kai. A irin wannan lokaci akwai tambayar da take yawan zo mana daga masu sauraro na Dakoro da ƙauyukan kewaye. Uba mai haɗa kayan ɗakin ɗiyarsa yana yin ta, mai shayi yana yin ta, haka ma saurayin da ke son fara sana'ar kiɗan biki: shin in sayi na'urar DVD ɗin nan da ke cin kowane irin faifai, ko in ƙara kuɗi in sayi wadda aka ƙera don kiɗa kaɗai, tunda mai shago ya ce ta fi sauti?

Amsarmu a gajarce ita ce: bambancin da ke tsakanin na'urorin biyu yana nan, amma ƙarami ne. Abin da ya fi gyara sauti ko ɓata shi shi ne ingancin waƙar da aka zuba, da lasifikar da ke fitar da ita, wadda muke kira bafil. Bari mu bi abin daki-daki.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da faifan CD a 1982, don kiɗa kawai. A 1993 VCD ya zo, wanda muka sha kallon finafinan Kano a kansa, sai DVD da ya shiga kasuwa a Japan a 1996. Masu ƙera na'ura suka ga babu wanda zai jera akwati uku a ɗaki, sai suka haɗa su wuri guda. Ita ce na'urar da ake kawo mana daga Maradi da Kano: tana karanta CD da VCD da DVD, mafi yawa kuma suna da ramin USB. Ta kiɗa zalla kuwa, ko dai mai karanta CD ce kaɗai, ko ƙaramar na'ura mai ɗaukar katin memwar.

To ina sautin yake fitowa? Abin da ke cikin faifai ba murya ba ce, lambobi ne. A CD, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta shi da lambobi. Hasken leza ya karanta su, sannan wani ɗan guntun ƙarfe da masu gyara ke kira DAC ya mayar da su sautin da zai bi waya zuwa ampili. Idan faifan yana da lafiya, lambobin da DVD ta karanta su ne dai waɗanda na'urar CD ta karanta. Wurin mayar da su sauti ne ake iya samun bambanci. Na'urar kiɗa mai kyau an kashe kuɗi a wannan sashe da kuma sashen wutarta. DVD mai araha kuwa, hoto da sauti suna shan wuta daga wuri ɗaya, shi ya sa wani lokaci za ka ji ɗan zuuu idan waƙa ta yi shiru. Idan kuma da wayar HDMI aka haɗa ta da tele, lambobin ne ke wucewa kai tsaye, telen ce ke mayar da su sauti, saboda haka tsadar na'urar ba ta ƙara komai a nan.

Ko a ƙasashen da ake zuba maƙudan kuɗi a kayan sauti an yi wannan gardama. A 1999 Sony da Philips sun fito da wani faifai mai suna SACD da aka ce ya zarce CD, aka kuma riƙa ƙera manyan na'urori masu cin kowane faifai har da shi. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Brad Meyer da David Moran, suka wallafa sakamakon wani gwaji: ana kunna wa mutane irin waɗannan faifai masu tsada, wani lokaci yadda suke, wani lokaci an sauko da su zuwa matakin CD, ba tare da sun san wanne ne ke tafiya ba. Cikin gwaji 554, sau 276 kawai aka faɗi daidai, wato rabi, kamar mai canki-canki. Masana sun yi ta muhawara a kan gwajin, amma darasinsa ya ishe mu: idan ido bai ga akwatin ba, kunne ba ya saurin rantsuwa.

Yanzu mu dawo gida. Yawancin waƙoƙin da ke yawo a wurinmu MP3 ne da ake turawa a kati ko waya a rumfunan caji. MP3 matsattsen sauti ne, an zubar da wani sashe nasa don ya yi sauƙin ɗauka. Faifan CD na asali yana ɗaukar kiɗan minti 80, amma idan aka cika shi da MP3 mai lamba 128 zai kai kusan awa 12, domin kowace waƙa ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya. Mai lamba 128 ba laifi, mai 192 ko 320 ya fi. Matsalar ita ce waƙar da aka ciro daga bidiyon da ya zaga WhatsApp, ko tsohon kaset na Ɗan Anace ko Shata da aka ɗauka da waya a gaban rediyo. Mu da ke ɗakin watsa shiri muna ganin haka kullum: a kawo mana waƙar gaisuwa a kati, mu saka ta a kayan aikin gidan rediyo, amma kalangu ya fito kamar ana dukan kwali. Abin da ya zube tun wurin kwafa, babu na'urar da za ta dawo da shi.

Sai bafil. Duk tsadar na'ura, idan ta ƴar lasifikar cikin tele sautin zai fito, ba za ka ji amon ganga ba. DVD mai araha da bafil mai kyau ta fi na'urar kiɗa mai tsada da bafil mai tsatsa, nesa ba kusa ba. A kula kuma da lambobin jikin kwali. Idan ka ga an rubuta dubban wat tare da haruffan PMPO, talla ce kawai. Lambar da ke kusa da RMS ita ce ta fi nuna ƙarfin gaskiya.

Akwai kuma abin da mai ƙera na'ura bai san da shi ba, wato ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana kwanciya a idon leza, faifai ya fara tsalle ko ya ƙi karantuwa. Zafin bazara yana lanƙwasa faifan da aka bari a rana. Hawa da saukar wuta yana ƙona na'ura. A nan ne mai katin memwar ta yi zarra, domin babu abin da ke juyawa a cikinta, ba ta cin batir sosai, kuma ƙaramin faifan hasken rana ya ishe ta. Wanda ke rugga ko ƙauyen da babu lantarki, ita ce tasa. Ita ma na'urar CD zalla tana da ladanta: tana saurin tashi, kuma ba sai ka kunna tele ba kafin ka zaɓi waƙa. Mai DVD kuma ya riƙa rufe ta da ƙyalle idan ba ta aiki, ya share faifai da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

Idan ka je shago, tafi da waƙar da kunnenka ya saba da ita. Ka sa a haɗa na'urorin biyu da bafil guda, a daidaita ƙarfin murya, domin wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ne sai ta yi kamar ta fi daɗi. Ka juya baya, abokinka ya riƙa canzawa ba tare da ya faɗa maka ba. Ka saurari muryar mawaƙi, da wurin da waƙa ta yi shiru. In ka kasa rarrabewa, riƙe kuɗinka.

Saboda haka, ga uban amarya da mai shayi, shawararmu DVD ce mai ramin USB, sauran kuɗin a sa su a bafil da na'urar daidaita wuta. Ga mai kiɗan biki, fara da ampili da bafil masu ƙarfin gaske, ka kuma nemi waƙoƙi masu kyan kwafi, ka ajiye su a kati biyu don kada ɗaya ya ba ka kunya a tsakiyar taro. Na'urar CD zalla sai ga wanda ke da faifai na asali da bafil mai kyau, da ɗaki mai shiru da zai zauna ya saurara. Allah ya sa a yi ciniki lafiya, ya kuma sanya albarka a abin da aka noma.