Sabunta lasisin manhaja: kwana 7 da ke raba kamfani da asarar shekara guda

A ofisoshi da dama, daga kamfanonin sufuri zuwa asibitoci masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji, matashin da ya iya kwamfuta ake damƙa wa sha'anin manhaja. Idan lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, maigida ya sa hannu, a biya kuɗi, kowa ya koma bakin aikinsa. Ba kasafai ake tsayawa a ƙirga lasisin da aka biya ba, kuma a nan kuɗi ke zurarewa.

Manhajoji irin su Microsoft 365 haya ake yi, kowane ma'aikaci da lasisinsa. A tsarin da Microsoft ya shimfiɗa wa dillalansa tun 2022, wanda ya ɗauki yarjejeniyar shekara yana da kwana 7 kacal bayan saye ko sabuntawa ya rage adadin lasisi. Ƙari kuwa ana iya yin sa kowane lokaci. Da zarar kwanakin sun wuce, sai a biya har ƙarshen shekara, ko da kujerun babu kowa. Tsarin shekara na Google Workspace ma bai yarda a rage ba sai lokacin sabuntawa.

A ɗauki misali: ofis ya sabunta lasisi 25, alhali ma'aikata 18 suka rage. Idan kowane lasisi jika 8 ne a wata, guda 7 da suka yi rara za su ci jika 672 na CFA a shekara.

Ƙarancin lasisi ma yana da nasa haɗari. Ma'aikacin da aka cire wa lasisi zai rasa akwatin imel ɗinsa, kuma kwana 30 Microsoft ke ajiye saƙonnin kafin su ɓace.

Abu uku ya kamata a haɗa wuri guda tun ranar sabuntawa: takardar yarjejeniya, takardar kuɗin da dillali ya turo, da adadin da shafin gudanarwa ke nunawa, wato lasisin da aka saya da waɗanda aka riga aka raba. Sannan a kwatanta su da jerin masu karɓar albashi, domin sunayen waɗanda suka bar aiki da ƴan koyon aiki sukan daɗe a ciki.

A duba nau'in lasisin ma. Business Basic ba ya ba da damar saka Word da Excel a kan kwamfuta, Business Standard ne ke bayarwa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Akwatin imel na kowa da kowa, irin na sashen karɓar baƙi, ba ya buƙatar lasisi muddin bai wuce gigabait 50 ba.

In an ga bambanci, a rubuta wa dillali a ranar, a ajiye kwafin saƙon. Kiran waya ba ya zama hujja idan gardama ta taso kan kuɗi.