Daga Almakashi Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Koyon Haɗa Hotuna

Gabatarwa

Duk wanda ya halarci biki ko walimar sauka a garin Bauchi, da wuya ya koma gida ba a miƙa masa kalanda ko sitika mai ɗauke da hoton masu hidimar ba. Idan mai karatu ya lura da irin wannan kalanda, zai ga ango da amarya tsaye cikin wani lambu da ba su taɓa shiga ba, ga furanni a gefe, ga sunayensu a ƙasa. Haka abin yake ga fostocin 'yan siyasa da ake mannawa a Wunti da Yelwa lokacin zaɓe: ɗan takara a gaba, jagoran jam'iyyarsa a sama, alamar jam'iyya a kusurwa. Dukkansu hotuna ne daban-daban aka tara wuri guda. Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin wannan fasaha da ginshiƙai uku da ta dogara a kansu. Manufar ita ce a nuna wa ɗalibi mai sha'awar koyo cewa wanda ya riƙe ginshiƙan nan zai iya aiki da kowace manhaja aka ba shi.

Asalin Fasahar

Turawa suna kiran wannan aiki kolaj, kalmar da ta fito daga Faransanci, ma'anarta mannawa. A shekarar 1912 ne wasu mazana biyu da ke aiki a Faransa, Pablo Picasso da Georges Braque, suka fara manna guntayen takarda da ƙyalle a jikin zanensu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata Bajamushiya mai suna Hannah Höch ta yi fice wajen yanko hotunan jaridu da almakashi, tana haɗa su don sukar shugabannin ƙasarta.

Da kwamfuta ta zo, sai almakashi da gam suka koma cikin allo. Manhajar CorelDRAW ta fito daga Kanada a 1989. A 1990 kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. A 1996 aka fitar da GIMP, wadda har gobe kyauta ake samun ta. Daga baya kuma aka sami irin su PicsArt da Canva, waɗanda suke aiki ko a wayar hannu. A shagunan ɗaukar hoto da maɗaba'u na ƙasar nan, an fi sabawa da gyara hoto a Photoshop, sannan a tsara rubutu da shafi a CorelDRAW.

Ginshiƙi na Farko: Falle

Abin da masu sana'ar ke kira leya, shi ne za mu kira falle. Mai karatu ya ƙaddara an jera masa fallayen leda masu haske, ɗaya kan ɗaya. An zana lambu a kan na ƙasa, ango da amarya a kan na tsakiya, rubutu a kan na sama. Wanda ya duba daga sama hoto guda zai gani, amma ana iya zare kowane falle a gyara shi ba tare da an taɓa sauran ba. Photoshop ta sami wannan dabara ne a 1994, kuma ita ce ta sauƙaƙa haɗa hoto ga kowa.

Ƙa'idar ita ce kowane abu a ba shi fallensa, a kuma sa masa suna. Idan dangin amarya suka dawo suka ce an yi kuskure a ranar ɗaurin aure, fallen rubutu kaɗai za a taɓa. Wajen raba mutum da bangon da ke bayansa kuwa, mai koyo yakan yi saurin ɗaukar magogi ya goge. Abin da ya fi shi ne a yi amfani da lulluɓi, wato abin da ake kira mas, wanda yake ɓoye sashen hoto ba tare da ya share shi ba. Idan aka ga an ci gefen hula ko mayafi, sai a janye lulluɓin, wurin ya dawo. Bayan haka a ɗan tausasa gefen yankan, don kada mutum ya fito kamar an yanko shi daga kwali.

Ginshiƙi na Biyu: Yawan Ɗigo

Kowane hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Domin ɗab'i ya fita tsaf, ana bukatar kimanin ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan takardar A4 tana bukatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, ita kuma A3, wadda aka fi yin kalanda da ita, tana bukatar 3508 da 4961. Hoton da faɗinsa ɗigo 1000 ne kawai, inci 3 da ɗoriya zai iya cikewa da kyau. Idan aka miƙe shi ya cika kalanda, sai fuska ta dushe ta zama dabbare-dabbare.

A nan ne masu koyo da yawa suke asara. Hoto yakan yi kyau a fuskar waya, amma da zarar an buga kwafi 500 sai aibinsa ya bayyana, ga kuɗin takarda da tawada sun tafi, ga biki ya ƙarato. Dalilin sau da yawa shi ne an turo hoton ta WhatsApp ko an sauko da shi daga Facebook, waɗanda sukan matse hoto su rage nauyinsa. Don haka a nemi hoton asali, ko a ce a turo shi a matsayin fayil. Idan hoton ya yi ƙanƙanta, a faɗa wa mai shi tun kafin a karɓi kuɗi, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Haka kuma launin allo dabam yake da launin takarda. Allo yana haɗa launukansa da haske ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, ita kuwa maɗaba'a tana amfani da tawada huɗu a tsarin CMYK. Shi ya sa koren da ke ƙyalli a allo yakan fito a dushe. Maganin abin shi ne a buga kwafi ɗaya na gwaji, mai aiki ya gani ya amince.

Ginshiƙi na Uku: Haske

Idon ɗan Adam yana saurin gane haɗin da haskensa bai dace ba, ko da bai iya faɗin dalili ba. Hoton da aka ɗauka da tsakar rana yana da inuwa mai kaifi a ƙarƙashin ido da haɓa, wanda aka ɗauka a shago kuwa haskensa mai laushi ne, na lokacin hazo kuma launinsa a kwance yake. Kafin a haɗa hotuna biyu, a duba ta wane gefe haske ya fito a kowanne. Idan an tsayar da mutum a sabon wuri, a yi masa 'yar inuwa a ƙarƙashin ƙafa, in ba haka ba zai zama kamar yana lilo a iska. A kuma kiyayi wuce gona da iri wajen haska fata, har dangi su kasa shaida 'yarsu.

Hanyar horar da ido ita ce gwaji. Ɗalibi ya ɗauki hotuna uku da kansa, misali ƙofar fadar Sarkin Bauchi da harabar kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ɗaya daga duwatsun da ke kewaye da gari, duka da hantsi. Ya haɗa su, sannan ya sake gwadawa da hoto ɗaya na yamma a ciki, ya ga bambancin da idonsa.

Amanar Sana'ar

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wannan yarda da mutane suka yi da hoto ita ce ta sa aikin ya zama amana. Tun kafin kwamfuta, hukumomin Tarayyar Sobiyet sun goge Nikolai Yezhov daga hoton da ya ɗauka tare da Sitalin, bayan an kashe shi a 1940. Irin wannan aiki, yau yaro mai waya zai yi shi cikin minti kaɗan. Lambun da ke kalandar biki kowa ya san ado ne. Amma ɗora kan wata a jikin wata, ko tsayar da malami kusa da ɗan takarar da bai taɓa haɗuwa da shi ba, yaudara ce da kan kashe aure ta zubar da mutunci. Nijeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, saboda haka a nemi izinin mai fuska da na mai hoto kafin a yi amfani da su.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa haɗa hoto ya dogara ne a kan falle da yawan ɗigo da haske. Manhajoji suna sauyawa kusan kowace shekara, amma waɗannan ukun suna nan yadda suke. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta ya fara da wayarsa, ya yi wa ajinsu kalandar kammala karatu, ya kai maɗaba'a ya tsaya ya ga yadda za ta fito. Sannu ba ta hana zuwa.