Wasan Ɓoye Akwati: Tsakanin Sirrin Mai Shi da Tsaron Jama'a

A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wani wuri mai wuyar zuwa a cikin tuddan Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila. Duk wanda ya jure tafiyar ya isa can sai ya jefa katin sunansa a ciki. Daga baya masu zuwa suka riƙa barin wasiƙa, wanda ya biyo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Daga nan ne wasan ya samo sunan da Turawa ke kiransa da shi, wato akwatin wasiƙa, ko da yake a yau da wuya a tarar da wasiƙa a ciki.

Ga yadda ake yin sa. Mutum zai sami ƙaramin akwati, ya sa littafi da hatimin roba, sau da yawa wanda ya sassaƙa da hannunsa, ya ɓoye a gandun shaƙatawa, sannan ya rubuta kwatance mai kama da kacici-kacici. Wanda ya gano akwatin sai ya buga hatimin a nasa littafin, ya buga nasa hatimin a littafin akwatin, ya mayar da komai yadda ya same shi. Wasan ya bazu a Amurka bayan mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998. A shekarar 2000 kuma aka sami ƙanensa, wanda ake neman akwatin da na'urar GPS.

Sirri shi ne gishirin wasan, kuma iri biyu ne. Akwai sirrin wuri, domin idan kowa ya san maɓoyar, akwatin ba zai kwana ba. Akwai kuma sirrin suna. 'Yan wasan ba su cika rubuta sunansu na yanka ba, laƙabi suke amfani da shi. Dalilinsu abin dubawa ne: littafin yana hannun duk wanda ya buɗe akwatin, mutane kuma sukan ɓoye nasu ne kusa da gida ko a hanyar da suka saba bi. Mace mai yawo ita kaɗai, ko uba mai fita da yaransa, ba zai so baƙo ya san sunansa da inda ake samunsa ba.

To amma mai karatu ya sa kansa a matsayin mai wucewa. Ka ga mutum ya waiga dama da hagu, ya tsuguna, ya tura wani abu a ƙarƙashin shuka, ya yi gaba. Me za ka ɗauka? A watan Yulin 2011, a garin Wetherby na Ingila, irin wannan ya sa aka kira 'yan sanda. Aka rufe titi da shaguna na wasu sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka tarwatsa akwatin. Ashe na masu wasan GPS ne. A Dartmoor kuwa sojoji suna atisayen harbi a wasu sassa, don haka akwatin ƙarfe irin na harsasai, wanda wasu 'yan wasa ke so saboda ba ya shan ruwa, yana iya koya wa yaro taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba.

Shi ya sa gandaye da dama a Amurka suke neman a karɓi izini kafin a ɓoye akwati, mai shi ya ba ofis sunansa, da lambar wayarsa, da ainihin wurin. Wasu 'yan wasan suna ganin wannan tonon silili ne. A nawa ganin, sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ɓoye suna ga baƙon da zai buɗe littafi daban, ɓoye shi ga mai gadin gandu daban. Na farko yana kare mai akwatin, na biyu ba ya kare kowa. Sharaɗin kawai shi ne ofis ya riƙe amana, kada sunan ya fita sai in hukuma ta buƙata.

Sauran aikin na mai akwatin ne. Ya zaɓi roba garai-garai da ake hango cikinta, ya rubuta a jikinta cewa kayan wasa ne, ya nisanci makarantu, da gadoji, da layin dogo. Laƙabinsa da adireshin imel da ya buɗe don wasan kawai sun isa ɗan sanda ya tuntuɓe shi kafin a kira masu kwance bam.