Bayan aikin muƙamuƙi, a bar kaka ta zagayo kafin a yanke wa fuska hukunci

Idan aka yi wa mutum aikin muƙamuƙi ya dawo gida, abin da ƴan dubiya ke fara cewa shi ne: "Kai, fuskar ta yi faɗi!" A ƙauyukan Baudeta, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, inda aka san fuskar kowa tun yana goye, wannan magana kan hana uwa barci. Fuskar takan yi faɗi kam, amma yawancinsa ba mai zama ba ne.

Da fari kumburi ne. Yakan kai maƙura a kwana 2 zuwa 3, ya fara saɓewa cikin makonni, ragowarsa kuwa takan kai wata 6 zuwa shekara.

Sai ƙashin kansa. A shekarar 1957 likitoci biyu da suka yi aiki a Graz ta ƙasar Ostiriya, Richard Trauner da Hugo Obwegeser, suka bayyana wa duniya dabarar tsaga muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki, a matsar da haɓa gaba ko baya. Muƙamuƙi ya fi faɗi ta baya, ya tsuke wajen haɓa. Shi ya sa idan aka matsar da shi, kusurwoyinsa na ƙarƙashin kunne kan ɗan buɗe da ƴan milimita. Ƙashin yakan haɗe cikin kamar mako 6, amma jiki na ci gaba da sassaƙe shi har tsawon watanni, wani ɓangaren faɗin ya koma.

Ga kuma tsokar tauna. Ɗora yatsa a ƙasan kuncinka ka cije haƙora, za ka ji ta taso. Majinyacin da ya yi makonni daga kunu sai fura, tsokar nan takan rame masa, fuska ta zube. In ya koma tauna, ta sake cika.

A wannan yanki dai, abin da ke kai yara ga aikin muƙamuƙi sau da yawa shi ne noma, cutar da ke farawa daga dasashi ta zaizaye kunci, galibi a yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Wanda ya tsira, tabon kan ɗaure masa baki har cokali ya kasa shiga. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan na kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, Sakkwato kuma ta buɗe asibitin noma a 1999. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Aikin waɗannan yara ya bambanta: tabo ake saki, a cike gurbin naman da ya tafi. Kuma yaro yana girma, gefen da ya ji ciwo kan bar ɗan'uwansa ya wuce shi, fuska ta karkace bayan shekaru. Don haka likita ke cewa a riƙa dawowa awo, a kuma dage da motsa baki kullum, ana jera ƴan faifayen itace tsakanin haƙora, don kada tabo ya sake ɗaurewa.

Mai son sanin inda fuskar ta tsaya, ya ɗauki hoto da salula a wannan kaka, ya ajiye, ya sake ɗauka ranar da aka zuba sabon hatsi a rumbu baɗi.