Gazawar zuciya bayan haifuwa: aikin da ke kan malaman jinya

A manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maraɗi, akwai wata irin marar lafiya da malaman jinya suke ganewa tun kafin ta buɗe baki. Mace ce da ta haifu makonni kaɗan da suka shige, ƙafafunta sun kumbura, tari ya hana ta barci, numfashi kuma yana yi mata wuya har ba ta iya kwantawa rigingine. A gida an daɗe ana cewa gajiyar jego ce, ko sanyi ne ya shige ta. Alhali kuwa zuciyarta ce ta gaza: naman zuciyar ya saki, ba ya tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarar 1978, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bincike a kan mata 224 da suka kwantar a Zariya, inda suka danganta ta da al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da maraice, kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. A Yamai kuma, Farfesa Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da cutar ta kama suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jininsu. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya fi danganta ta da talauci, rama da hawan jinin masu ciki.

To amma malamar jinya ba ta da lokacin jiran masana su daidaita. Aikinta na farko shi ne ta zaunar da marar lafiya, ta tokare bayanta da matasai, ta sa mata iskar oksijen in akwai, sa'an nan ta yi mata allurar furosemide, wadda aka fi sani da Lasilix, bisa umurnin likita. Maganin yana fitar da ruwa ta hanyar fitsari, saboda haka dole a auna fitsarin, a duba tansiyo da bugun jini, a kuma lura da kasala da ɗaurewar jijiyoyi, domin tare da ruwan yana kwashe sinadarin fotasiyom da zuciya take bukata.

Abin mamaki, kayan aikin da ya fi amfani a ɗakin shi ne sikeli. Ana auna nauyin marar lafiya kowace safiya, bayan ta yi fitsari, kafin ta karya kumallo. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Idan nauyi yana sauka, magani yana aiki. Idan ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ya soma dawowa tun kafin ido ya ga kumburi.

Inda aikin ya fi tsauri kuwa shi ne wajen kwanon abinci. A asibitocin gwamnati dangi ne suke kawo abin da marar lafiya za ta ci, kuma uwar miji ko gwaggo da ke zaman jinya ba ta ganin laifin kunun kanwa, tunda da shi aka yi nata jegon, ga shi an ce yana kawo nono. Ko me masana suka ce game da asalin cutar, kanwa da gishiri da dunƙulen magi duk suna ɗauke da sodiyom, shi kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta riga ta gaza ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Malamar da ta daka wa tsohuwa tsawa a gaban surukarta ta yi asara, don kunun zai shigo da dare cikin fulas. Wadda ta durƙusa ta kira ta Inna, ta nuna mata abin da sikeli ya faɗa jiya da yau, ita ce ake sauraro.

Bayan sallama, magani yana ci gaba watanni da dama: captopril ko enalapril, waɗanda ba su hana shayarwa amma ba a ba mai ciki, tare da wani mai sassauta bugun zuciya kamar carvedilol. Tsarin kyauta da Nijar ta shigo da shi wajen 2006 ya shafi tiyatar haifuwa, awon ciki, tsarin iyali da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ordinansin ciwon zuciya yana kan aljihun maigida. Shi ya sa da kumburi ya saɓe, sau da yawa akan daina zuwa farmasi, sai a sake kawo matar ranga-ranga.

Da yawa daga cikin matan nan zuciyarsu tana farfaɗowa cikin wata 6 zuwa shekara guda, wasu kuwa tana zama da rauni. Hoton eko ne kaɗai yake bambancewa, kuma ba kowane asibiti yake da shi ba. Ga wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki yana iya zama ajalinta. Don haka kafin a sallame ta, malamar jinya takan sa a kira mijin, a zauna da shi tare da ungozoma, a zaɓi hanyar tazarar haifuwa da ba ta cutar da zuciya, a kuma rubuta masa ranar da zai dawo da ita awo.