Canjin Filogi A Ƙofar Gida

Da yawa daga magidantan New Bell abincin iyalinsu yana bayan a-kori-kura ne, wadda ke jigilar buhuna tsakanin tashar jiragen ruwa da Marché Central. A watan Fabrairu na 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 kuma ta kai 840. Filogin da ya gaji, wanda a nan Duwala muka fi sani da buji, ba ya ƙone man duka. Mota ta riƙa kakkarwa, ta ƙi tashi da asuba, musamman a ruwan Yuli da Agusta, kuɗin cefane kuwa yana fita ta salansa.

Maganarmu a kan injin fetur take. Mai gazuwal ba ya aiki da tartsatsi, nasa bujin na ɗumama inji ne kawai.

Sai inji ya huce sarai ake farawa. A share ƙurar da ke gefen ramin tukuna, don kada yashi ya faɗa ciki. A cire waya ɗaya, a kwance filoginta da sifanar filogi, mai lamba 16 ko 21 gwargwadon motar, a sa sabo, a mayar da wayar, sannan a wuce ta gaba. Wanda ya tuge wayoyin huɗu gaba ɗaya zai wuni yana neman wacce ce ta ina, alhali yawancin injuna masu silinda huɗu suna bin jerin 1-3-4-2 ne.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ɗaurawa. A fara murza sabon da yatsu, ba da sifana ba. In ya cije tun juyin farko, to ya karkace, a warware a sake. Kan injin da yawa na alminiyam ne, ƙarfe mai taushi, kuma idan zaren ramin ya cinye, aikin rabin awa ya koma na kwanaki a gareji, ga masu kaya sun nemi wata motar. Bayan ya zauna da hannu, kimanin rabin juyi da sifana ya wadatar ga sabon filogi mai wasa. Samarinmu masu ji da ƙarfi su ne suka fi bukatar jin wannan.

Kada a yi saurin jefar da tsohon. Bakinsa in ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau. Baƙin toka busasshe yana nuna mai ya fi iska yawa, a duba matatar iska. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, ciwon yana can ciki, sai bakanike.

Mai zuwa saye a Camp Yabassi ya tafi da tsohon a aljihu, a gwada lamba da lamba, domin wanda ya fi tsawo yana iya taɓa fistin. Akwai jabun NGK da Denso a kasuwa, kwalinsu kamar na gaske. Mu dai shagon da za mu iya komawa gobe muke zaɓa, ko da ya ɗara tsada.