Yadda kwamfuta ke yin nisa a wasan ces ta hanyar datse rassa

Idan ka zauna gaban allon ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai, a matsakaici kana da motsi kusan 35 da za ka iya zaɓa. Abokin karawarka ma haka. To yi lissafi: motsi biyu a jere sun ba ka yanayi 1,225, motsi shida kuwa sun haura biliyan 1 da miliyan 800. Ko Deep Blue, injin IBM da ya doke Garry Kasparov a 1997, mai duba yanayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa, da zai bi kowane reshe ba zai je ko'ina ba.

Maganin shi ne datse rassa, kuma babbar dabarar sunanta alfa-beta. Ka ɗauka manhajar ta gwada motsi na farko, ta tabbatar ba za ta yi asara ba. Sai ta koma na biyu, amsar farko da ta duba ta nuna za a cinye mata sarauniya a banza. Meye amfanin duba sauran amsoshi 34? Babu. Ta riga ta san wannan ya fi na farko muni, sai ta yar da reshen gaba ɗaya.

Abin da ke burge ni shi ne ba a rasa komai: motsin da za ta zaɓa shi ne dai wanda cikakken bincike zai bayar. Amma ribar ta dogara da jeri. Donald Knuth da Ronald Moore sun nuna a 1975 cewa idan ana fara gwada motsi mafi kyau, zurfin bincike zai iya kusan ninkawa. Biliyan 1.8 ɗin nan sai ya dawo wajen dubu 86.

Manhajoji irin su Stockfish sun ƙara da kasada. Manhajar takan ce, bari in yi kamar na bar wa abokin karawa motsi kyauta. In har hakan bai cece shi ba, ba sai ta zurfafa a wannan reshen ba. Sai dai akwai tarko: wani lokaci a ƙarshen wasa, duk motsin da ka yi cutar da kai zai yi, da ma a ce ka zauna. Jamusawa na kiran wannan zugzwang. Shi ya sa Stockfish ke kashe dabarar idan mai motsi ba shi da komai sai sarki da ƙananan sojoji.